Idan Aji Ya Faɗi, Wa Ya Faɗi?

A wannan fitowa ina so mu ɗan leƙa bayan katangar makarantarmu, mu duba inda yaranmu suke dosa in sun bar hannunmu, wato jami'a. Ko kai uba ne, ko malami, ko ɗalibi mai shirin cike fom, maganar nan ta shafe ka.

Ga abin da ya tayar da ita. Kwanan baya wani tsohon ɗalibinmu ya zo hutu daga wata jami'a, ya shigo gaishe ni. Na ga jikinsa a sanyaye, na ce, "Lafiya dai, ɗana?" Ya ce, "Malam, na faɗi kwas ɗaya, sai baɗi in maimaita." Na ce, "To, a ina ka yi kuskure?" Ya ce, "Wallahi ban sani ba, Malam. Sakamako kawai aka liƙa mana a allo. Kuma mu da muka faɗi mun fi waɗanda suka ci yawa. Na gabanmu ma bara haka aka yi da su."

Tun daga ranar nake juya zancen nan a raina. Yaro ya faɗi, bai san inda ya faɗi ba. Aji ya faɗi bara, ya sake faɗuwa bana. Shin akwai wanda ya zauna ya tambayi dalili?

Kai da ka yi karatu a gaban malamin allo ko na Islamiyya ka san yadda abin yake. Ɗalibi yana biya karatu, da ya yi tuntuɓe malam zai tsayar da shi nan take ya gyara masa. In kuwa yara goma suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, malamin kirki ba ya ɗaukar bulala. Ya san daga wajensa ne, sai ya sake biya musu wurin, ya canza yadda yake bayani. Wato sauraren karatun yana auna yaro, yana kuma auna malam. To, wannan shi ne abin da nake cewa ya wajaba a kan jami'a: ta riƙa duba sakamakon ɗalibanta don ta gane inda koyarwarta ta gaza, ta gyara.

Kada ka zaci jami'o'inmu ba su da tsarin awo. Suna da shi, har ya yi yawa. A yawancinsu ana ware maki 30 ko 40 na gwaje-gwaje da aikin gida a cikin zango, sauran 70 ko 60 na babbar jarrabawa. Sakamako yakan bi ta sashe, ya je tsangaya, ya isa majalisar ƙoli ta malaman jami'a kafin a amince da shi. Ga 'yan ajin ƙarshe har malami ake gayyatowa daga wata jami'ar ya duba tambayoyi da takardun amsa, ya rubuta rahoto. Amma in ka lura, galibin wannan aiki fuskarsa ɗaya ce, wato yanke wa ɗalibi hukunci: wane ya ci, wane ya faɗi, wane a sallame shi. Da wuya a juyo da madubin a duba kwas ɗin kansa.

Wani zai ce ai wannan aikin hukuma ne. Bari mu duba. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, an kafa ta a 1962. Dokar soja mai lamba 16 ta 1985 ce ta ba ta ikon shimfiɗa mafi ƙarancin matsayin da kowane fannin karatu zai cika, da kuma tantance shi. Ta fitar da ma'aunin farko a 1989, ta sabunta shi a 2007. Masu tantancewa sukan zo su ƙirga malamai, su shiga laburare da ɗakunan gwaje-gwaje, su duba tsofaffin tambayoyi. Fannin da ya cika sharaɗi a ba shi amincewa ta shekara 5, wanda ya gaza kaɗan a ba shi ta wucin gadi ta shekara 2, wanda ya gaza sosai a hana shi ɗaukar sababbin ɗalibai.

Wannan abu ne mai kyau. Sai dai baƙon kwana biyu ko uku ba ya sanin inda ɗaki yake yoyo kamar mai kwana a ciki. An kuma sha yin ƙorafi cewa wasu wuraren sai an ji masu tantancewa na tafe ake rige-rigen fenti da aron kayan aiki, har da aron malamai. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ya shiga aji ɗaya bana, ƙila ya gama digirinsa na shekara 4 masu tantancewa ba su dawo ba. Wa zai tsaya masa in ba jami'arsa ba?

Yanzu ma nauyin ya ƙaru. A watan Disamba na 2022 NUC ta ƙaddamar da sabuwar manhaja, inda ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da kanta gwargwadon buƙatar inda take. To, ya kai mai karatu, jami'ar da ba ta san abin da ɗalibanta suka iya da abin da suka kasa ba, da me za ta cike wannan kashi 30? Sai dai kowane malami ya cusa abin da ya fi masa sauƙin koyarwa.

Ban manta da uzurin malaman jami'a ba, kuma uzuri ne na gaskiya. Akwai ajin da ɗalibai suke zama har a taga, malami ɗaya da takardun amsa ɗari-ɗari. Yajin aikin ƙungiyar ASUU ya cinye wata 9 a 2020, ya sake cinye wata 8 a 2022, da aka koma kuma sai aka matse zanguna don a cim ma lokaci. Ga kuma ɗaliban da ba sa buɗe littafi sai ana gobe jarrabawa. Duk na yarda. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaron nan sai da ya ci darussa 5 a jarrabawar kammala sakandare, ya haye ta JAMB, sannan jami'a ta sake tace shi da kanta kafin ta ɗauke shi. Tunda ita ta zaɓe shi, ya zama amana a hannunta.

Kuma kada a fahimce ni a baibai. Ba cewa nake yi a raba maki kyauta ba. Ajin da kowa ya ci don ya haddace 'yar takardar da malami ya sayar, ya mayar masa da ita kalma da kalma, shi ma abin bincike ne. Likitan da aka tausaya masa ya wuce, wata rana ni ko kai zai duba.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar sabon gini. Na farko, a ƙarshen kowane zango sashe ya zauna ya bi sakamako tambaya bayan tambaya. A ce cikin ɗalibai 200, 150 sun kasa tambaya ta uku. Ko dai ba a koyar da wurin ba, ko tambayar ta karkace, ko kwas ɗin da ya kamata ya share fage tun aji ɗaya bai yi aikinsa ba. Kowanne da maganinsa daban.

Na biyu, a mayar wa ɗalibi takardar gwajinsa da gyara a jiki tun kafin babbar jarrabawa, ya ga inda ya kauce. Na uku, rahoton malamin da aka gayyato daga waje a karanta shi a taron sashe, a rubuta abin da za a yi a kai, baɗi a duba ko an yi. Na huɗu, a ba ɗalibai takarda su faɗi ra'ayinsu kan kowane kwas ba tare da sa suna ba, don tsoro ba ya barin yaro ya faɗi gaskiya a gaban mai riƙe da makinsa. Na biyar, a bi sawun waɗanda suka gama. A tambayi shugabannin makarantu da asibitoci da kamfanonin da suka ɗauke su aiki: me suka iya, me suka rasa? Sannan duk abin da aka gano a taɓa manhaja da shi, don awon da ba a yi gyara da shi ba ɓata takarda ne.

Kai ma, mai karatu, kana da naka. In ɗanka ko ƙanenka ya zo hutu, kada ka tsaya kan "Ka ci ko ka faɗi?" Ce masa, "Me ka iya yi yanzu wanda ba ka iya ba bara?" In kana cikin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta wata jami'a, ka tayar da maganar nan a taro. In kuwa kai malami ne a can, ka fara da ajinka, ba sai ka jira takarda daga Abuja ba. Mu ma a nan makarantarmu, idan muka gama jarrabawar zangon nan, ya kamata mu zauna mu yi wa kanmu irin wannan hisabi kafin mu nuna wa wani yatsa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Yaron nan ya koma makaranta, zai sake zama a aji ɗaya, gaban darasi ɗaya. Kuɗin mahaifinsa ne, kuma shekarar rayuwarsa ce. Fatana kafin ya sake ɗaukar biro a samu wanda ya buɗe takardun bara ya duba inda suka yi tuntuɓe.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.