Kafin Mu Ci Bashin Sabuwar Kwamfuta



Tun da sauraron littattafan Hausa ya karɓu a YouTube, da yawanmu mun fara sha'awar karanta labaranmu da bakinmu, maimakon mu zuba ido wasu tashoshi na karantawa suna cin gajiyar guminmu. Amma da zarar an zo maganar haɗa ɗan situdiyo a ɗaki, sai gwiwa ta yi sanyi, wai sai an tara kuɗin sabuwar kwamfuta. Mu dai a ganinmu, mai karatun littafi ba ya buƙatarta. Ta hannu mai lafiya ta ishe shi.

Murya ɗaya ba wani kaya ba ce a wurin kwamfuta. Minti guda na magana, ko da ingancin faifan CD aka ɗauka, bai wuce kimanin megabait 5 ba, awa guda kuwa wajen 300. Manhajar Audacity da ake yanke tari da gyaran murya da ita kyauta ce, kuma tun shekarar 2000 take aiki a kan kwamfutocin da wayar hannunmu ta yau ta fi su ƙarfi nesa ba kusa ba.

Tsofaffin kwamfutocin ofis da ake shigowa da su daga Turai, irin su ThinkPad, Dell Latitude da HP EliteBook, suna nan jibge a Beirut Road ta Kano. Sai dai a nan ne ake buƙatar buɗe ido, don mai sayarwa kyawun jiki zai nuna mana, mu kuwa shiru muke nema. Fankar tsohuwar kwamfuta ita ce babbar abokiyar gabar mai ɗaukar murya. A zafin Afrilu, in ta fara huci, makirufo zai kwashe shi tas, kuma gogewa da manhaja na sa murya ta koma kamar daga cikin rijiya. Faifan ajiya mai juyawa ma yana da nasa gurnanin, don haka a nemi mai SSD, da RAM aƙalla 8. Sai batir. Ba a ɗaukar murya janareto na ruri a tsakar gida, kuma caja a jone kan shigo da wani zuuu cikin sauti. Kwamfutar da ba za ta riƙe awa biyu ba tare da wuta ba, ko kyauta aka ba mu, wahala ce.

Tsufan ma yana da iyaka. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ya karɓar akasarin injinan Intel da suka girmi zubi na 8. Kwamfutar da za mu riƙa shiga tasharmu da imel ɗinmu da ita bai kamata ta zauna babu kariya ba. A tambayi zubin kafin farashi.

Ba mu ce sabuwa ba ta da ranarta ba. Mai haɗa kiɗa a FL Studio da kayan sauti birjik, ko mai tace bidiyo, shi kam ƙarfin inji zai nema. MacBook Air mai M1 ta 2020 ma ba ta da fanka sam, wanda Allah ya hore wa ya huta. Amma mu da yawancinmu albashin wata ko kuɗin sana'a muke tsakura?

Rarar kuɗin a zuba ta a makirufo mai kyau da abin sa wa a kunne, don mai sauraro ba ya jin shekarun kwamfuta, amsa-kuwwar ɗaki yake ji. Ita kuwa katifa a jingine da bango, barguna biyu da labule mai kauri suna rage ta sosai. Ranar zuwa kasuwa a tafi da makirufon da Audacity a filash, a roƙi mai shago ya bar kwamfutar a kunne minti ashirin ta yi zafi, sannan a kara kunne a jikinta.