Kwalta a Ƙofar Gida, Ƙanƙara a Ƙarƙashi: Lissafin Shekara 20

A unguwannin gefen birni na Ottawa da Toronto a Kanada, da na Minneapolis a Amurka, kusan kowane gida yana da 'yar hanyarsa da ta taso daga bakin titi ta miƙe har ƙofar gareji. Nan ake ajiye mota, nan baƙo yake fara taka ƙafa. Hukumar birni ba ta ɗaukar nauyinta. Mai gida ne zai shimfiɗa, shi zai gyara, shi zai kwashe dusar ƙanƙarar da ta zuba a kai. 'Yan uwanmu da karatu ko aiki ya kai can, har Allah ya hore musu suka sayi gida, sukan gaji wannan hanya tare da gidan, kuma ba a daɗewa ɗan kwangila zai miƙo musu takardar farashin sabuwar kwalta. Abin da aka rubuta a takardar nan kashin farko ne kawai na abin da za a biya. Sauran yana tafe hunturu bayan hunturu, kuma shi nake so mu ƙirga tun kafin a sa hannu.

Baƙin abin da ido yake gani galibinsa dutse ne. A kowane kilo 100 na haɗin, kimanin 95 tsakuwa ce da yashi, 5 ne kawai baƙin man nan da ake samu a ƙarshen tace ɗanyen mai, wanda yake riƙe su wuri guda. A ɗauki hanya mai faɗin mita 6 da tsawon mita 12, wadda za ta ɗauki mota huɗu, biyu gaba biyu baya. In aka zuba mata kwalta mai kaurin santimita 7 da rabi, za ta ci kusan tan 13. Tsakuwar da ya kamata a danne a ƙarƙashi kuwa, in aka ba ta kaurin santimita 30, ta kai tan 45, ban da ƙasar da za a haƙe a loda a tifa a fitar. Wato sama da kashi uku cikin huɗu na kayan binne su ake yi, mai gida ba zai ƙara ganinsu ba. A nan ɗan kwangila mai son cin kasuwa yake rage farashi, don ranar da aka gama aiki, hanyar da ke kan tsakuwa santimita 10 da wadda ke kan 30 kamarsu ɗaya.

Hunturu ne yake bambance su. A ƙasarmu rana da ruwan sama da manyan motoci ne suke cin kwalta daga sama. A can ɓarnar daga ƙasa take tasowa. Sanyi yana ratsa ƙasa ya daskarar da ita, har dokar gini ta jihar Minnesota ta wajabta a kai harsashin gida zurfin inci 42 a kudancin jihar, inci 60 a arewacinta, wato daga mita ɗaya da ɗoriya zuwa mita ɗaya da rabi, don ya wuce inda ƙanƙara take kaiwa. Ba mai gidan da zai haƙa irin wannan zurfi saboda wurin ajiye mota. Kowace hanyar kwalta a can zaune take a kan ƙasar da ke daskarewa kowane hunturu.

An san ruwa yana kumbura da kimanin kashi 9 cikin 100 in ya daskare, amma wannan kaɗai bai isa ya ɗaga hanya yadda ake gani ba. Stephen Taber na Jami'ar South Carolina ya nuna a 1929 da 1930 cewa ƙanƙarar da ta fara haɗuwa a cikin ƙasa tana zuƙo ruwa daga can ƙasa ta ƙananan kafofi, tana ƙara kauri hawa-hawa, tana tura abin da ke samanta. Har ya gwada da sinadarin benzin, wanda tsukewa yake yi in ya daskare, ƙasar ta tashi duk da haka. A farkon shekarun 1930 injiniya Arthur Casagrande ya ba da ma'aunin da har yau ake ambata: ƙasa mai gaurayen ƙwayoyi, in fiye da kashi 3 cikin 100 na ƙwayoyinta ba su kai milimita 0.02 ba, tana iya tara wannan ƙanƙara. Ke nan abu uku suke haɗuwa: sanyi, ruwa, da ƙasa mai laushi. Sanyi na Allah ne. Sauran biyun kuɗi ake sawa a magance su. A kwashe ƙasar banza, a shimfiɗa ƙyallen roba da zai hana laka cakuɗa da tsakuwa, a zuba tsakuwar kashi-kashi ana dannewa, a ba hanyar gangare na kusan santimita 2 a kowace mita, in wurin mai riƙe ruwa ne a binne bututu. Duk wanda aka tsallake a cikin waɗannan, za a biya shi daga baya da ƙari.

Lokacin da hanya ta fi rauni shi ne Maris da Afrilu. Narkewa daga sama take farawa, ƙasan kuma yana nan a daskare, sai ruwan ya rasa mafita, tsakuwar ta jiƙe sharkaf. Shi ya sa ma'aikatar sufuri ta Minnesota da hukumomin Ontario da Kebek suke rage nauyin da manyan motoci za su ɗauka a kan hanyoyi da yawa a wannan lokaci. In titin gwamnati yana buƙatar wannan sassauci, ina ga 'yar shimfiɗar ƙofar gida? Motar kaya ɗaya da ta shigo da katako ko ta sauke babban kwandon shara a watan Afrilu ta isa ta bar kwarin da ba zai koma daidai ba.

Sai lokacin aikin kansa. Kwalta tana barin masana'anta da zafin kusan digiri 150, kuma dole rola ta gama danne ta kafin ta sauko kusa da 80. Siririyar shimfiɗa a kan ƙasa mai sanyi cikin 'yan mintoci take hucewa. Masana'antun ma rufewa suke yi da hunturu, saboda haka aikin shekara duka a 'yan watanni ake yin sa, masu iyawa kuma layi ake bi a same su. Rangwamen ƙarshen Oktoba da Nuwamba yana da daɗin ji, amma kwaltar da ba ta dannu ba tana barin kafofin da ruwa zai shiga, bayan 'yan shekaru tsakuwarta ta fara warwarewa. Araha ba ta ado. Haka shi ma baƙin man iri-iri ne. Bayan binciken da Amurka ta yi tsakanin 1987 da 1993, ana ba shi lamba gwargwadon zafi da sanyin da zai jure. Mai lamba PG 58-34 an yi shi ne don ya kai digiri 34 ƙasa da sifili, mai lamba PG 58-28 kuwa iyakarsa 28. Na farkon ya fi tsada, kuma masu gida ƙalilan ne suke tambayar wanne aka kawo musu.

Ko da an yi komai daidai, kwalta za ta tsage. Sanyi yana tsuke ta, shekaru suna busar da manta, sai ta dare daga gefe zuwa gefe. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, a nan kuwa ruwa ne mai shigar: ya gangara cikin tsakuwa, ya daskare, ya buɗa tsagar, ya narke, ya sake daskarewa. Cike tsaga kowace kaka kafin sanyi ya sauka shi ne mafi arha a duk jerin nan, kuma shi ne mafi amfani. Shi ne kuma aka fi sakaci da shi, don facin yana barin baƙaƙen layuka marasa kyan gani.

Abin da mutane suka fi kashe wa kuɗi da son ransu shi ne baƙin ruwan da ake shafe hanyar da shi kamar fenti bayan shekara uku zuwa biyar. A nan shakkata ta fi yawa. Shafen yana rage bushewar da rana take jawowa, yana ɗan kare kwalta daga man da ke ɗiga daga mota, yana mayar da ita baƙa wuluk kamar sabuwa. Amma ba ya ƙara mata ƙarfin ɗaukar nauyi ko kaɗan, ba ya hana ƙasa tasowa, ba ya toshe babbar tsaga. Wanda ya shafa shi duk shekara, tarin shafen ne da kansa zai fara fashewa yana ɓarewa. Wani nau'insa ma, wanda ake haɗawa da baƙin man da ake tatsa daga kwal, masana a hukumar binciken ƙasa ta Amurka sun gano yana sakin sinadaran PAH cikin ƙura da rafuka, wasu daga cikinsu masu jawo cutar daji. Birnin Austin ya hana shi a 2006, jihar Washington a 2011, Minnesota daga farkon 2014. Mai yara da ke wasa a ƙofar gida ya kamata ya tambayi abin da ke cikin durom kafin a buɗe shi.

Sai kuɗin hunturu. Kowace murabba'in mita da aka shimfiɗa, sai an kwashe mata dusar ƙanƙara duk sanda ta zuba: ko da shebur da ƙarfin baya, ko da injin da ke shan mai yana neman gyara, ko a biya mai motar kwasar dusa kwangilar shekara, shi kuma bakin ƙarfen motarsa yana kankare fuskar kwalta yana gutsure gefenta. Gishirin da ake watsawa don narkar da ƙanƙara ba ya wani tasiri in sanyi ya wuce kusan digiri 10 ƙasa da sifili, sai a koma ga mai tsada. Ruwan da ya narkar kuma tsaga yake nema. Akwai kuma kuɗin da maƙwabta da kifaye suke biya. Hukumar hana gurɓata muhalli ta Minnesota ta ce ƙaramin cokali ɗaya na gishiri ya isa ya gurɓata galan 5 na ruwa, kuma ba ya fita. Gwamnatin Kanada, ƙasar da ke watsa kimanin tan miliyan 5 a shekara, ta kammala a 2001 cewa gishirin hanya yana cutar da muhalli. Hukumar birni ma tana da nata kason. Faɗaɗa hanya ko taɓa bakin titi yakan buƙaci takardar izini, kuma tun 2005 Minneapolis take karɓar kuɗin magudanar ruwan sama gwargwadon faɗin wurin da ruwa ba ya iya nutsewa a filin gida.

Akwai asarar da ta fi duk waɗannan ciwo, ita ce ta masu ƙwanƙwasa ƙofa su ce sun gama aiki a nan kusa, kwalta ta rage musu a mota, za su zuba maka da rabin farashi in ka biya kuɗi hannu yau. 'Yan sanda da ƙungiyoyin kare masu saye a Amurka da Kanada suna gargaɗi a kansu duk shekara. Kwaltar ta riga ta huce, ba haƙa, ba tsakuwa, ba takarda, kuma baƙon da bai san kan gari ba shi suka fi samu da sauƙi. Ko a wurin ɗan kwangilar gaskiya, garanti galibi shekara ɗaya ne ko biyu, kuma sau da yawa an cire tsagewar sanyi daga ciki.

Adalci ya sa a faɗi abin da kwalta ta fi. Ta fi kankare arha a farko. Tana ɗan lanƙwasa ta bi motsin ƙasa inda kankare zai karye. Gishiri ba ya ɓare fuskarta kamar yadda yake yi wa kankare. Baƙinta yana zuƙar rana, ƙanƙara ta narke da wuri. Ana iya faci, in ta tsufa kuma a niƙa a mayar da ita cikin sabon haɗi. Tsakuwa zalla ta fi arha, ba ta tsagewa, ruwa yana nutsewa ta cikinta, amma injin kwasar dusa yana harba duwatsunta, kuma birane da yawa ba su yarda da ita a cikin unguwa ba. A ƙauye ko gona mai doguwar hanya, ni dai ban ga dalilin barin tsakuwa ba. A cikin birni sau da yawa zaɓin ya rage tsakanin kwalta, kankare da intalok, kuma kowannensu wannan tsakuwar ta ƙarƙashi yake nema.

To, a tara lissafin shekara 15 zuwa 20, tsawon ran da aka saba ba hanya mai kyau. Shimfiɗa sau ɗaya. Cike tsaga kusan duk shekara. Shafe sau huɗu ko biyar ga wanda ya zaɓa. Faci sau ɗaya ko biyu, musamman bakin gareji inda ƙasar ciko take zama ta bar kwari. Kwasar dusa da gishiri kowane hunturu. A ƙarshe kuma kuɗin fasawa da kwashewa kafin a sake sabuwa. Hanyar da aka yi wa rowar tsakuwa kafin ta kai rabin wannan lokaci za ta nemi a sake ta, wato a biya mafi girman kason sau biyu.

Don haka wanda zai sa hannu ya nemi farashi daga mutum uku, ya sa a rubuta masa zurfin haƙa, kaurin tsakuwa da na kwalta bayan an danne, lambar baƙin man, inda ruwa zai bi, da watan da za a yi aikin. Ya tsaya da awo a hannu ranar da ake zuba tsakuwa, don ita ce rana ɗaya tak da zai iya ganin abin da ya biya. In kuɗin bai kai ba, ya rage faɗin hanyar ya yi ta mota biyu maimakon huɗu, ko ya cike tsagar tsohuwar ya jira baɗi. Faɗi ana iya ƙarawa daga baya. Zurfin da aka rage kuwa, sai an fasa hanyar gaba ɗaya kafin a gyara shi.