Ra'ayinmu: An Zauna, An Tashi, Me Aka Ƙulla?

 

'Yan'uwa masu karatu, da wuya a sami ma'aikaci a Zurmi ko Shinkafi ko Ƙauran Namoda, malamin makaranta ne ko ma'aikacin asibiti ko na sakateriyar ƙaramar hukuma, wanda wata zai kama ya mutu ba a kira shi taro ba. Kuma duk mun san yadda akasarin waɗannan tarurruka suke gudana. A sa ƙarfe goma, a fara sha biyu saura. A buɗe da addu'a, sa'an nan a shiga jero sunayen manya da muƙamansu, kowa ya miƙe sai ya sake jero su tun daga farko kafin ya faɗi abin da ya tashe shi. A karanta bayanin taron baya a guje, wani ya ce ya amince, wani ya ce ya mara masa baya, ba tare da an sami mai tambayar ko an aikata abu ɗaya daga cikin abin da aka karanta ba. Can gab da azahar, bayan yunwa ta fara cin jama'a, sai sakatare ya rubuta cewa an amince a ƙara ƙaimi, za a duba lamarin, an kuma yi kira ga kowa da ya riƙe aikinsa da gaskiya. A sa hannu a takardar halarta, a watse. Wannan shi ne abin da Bahaushe ya kira taron tsintsiya ba shara.

Da a ce lokaci kaɗai ake ɓatawa, da al'amarin ya zo da sauƙi. Amma a wannan yanki namu taro yana da tsada ƙwarai. Ma'aikacin lafiya da aka kira daga Dauran ko Kanwa ko Rukudawa ko Mashema ya rufe ɗakin shan magani ya taho, alhali kuwa a wurare da yawa shi kaɗai ne a wurin, duk uwar da ta kawo ɗanta ranar nan sai ta koma da shi. Malamin da aka kira ya bar aji babu kowa. Bayan wannan kuma ga hanya, wadda shekaru da dama ke nan mai binta yana tafe ne zuciyarsa na ɗar-ɗar saboda 'yan bindiga. Wanda ya kira mutum ya ratso irin wannan hanya, sa'an nan ya sallame shi da "za a duba lamarin", lalle ya ɗauki nauyin da za a tambaye shi a kansa.

Abin da muke kira gare shi a wannan wata bai wuce guda ba: kada a tashi daga taro sai kowane ƙuduri ya fito da adadinsa, da sunan wanda zai aikata shi, da ranar da za a dawo a bincika. Nawa? Wa? Yaushe? Ƙudurin da ya kasa amsa waɗannan tambayoyi uku fata ne kawai, kuma fata ba ya bukatar a tara mutum talatin a ɗaki.

Kada wani ya zaci wannan tsari baƙo ne da aka aro daga ofisoshin Turawa. Masana tarihi sun ruwaito cewa a shekara ta 5 bayan Hijira, da Salmanul Farisi ya kawo shawarar a haƙa ganuwa domin kare Madina, kuma aka karɓi shawarar, ba a bar ta a matsayin kowa ya yi iya ƙoƙarinsa ba. An auna filin, an raba shi, kowane mutum goma aka yanka musu kamu arba'in. Kowace ƙungiya ta san inda nata ya fara da inda ya ƙare, wanda ya yi sanyi kuwa ramin da ke gabansa ne zai faɗa.

Wanda ya fi wannan kusa da batunmu shi ne abin da Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, ya tsara yana kwance da raunin ajali a ƙarshen shekara ta 23 bayan Hijira, wato 644 Miladiyya. Babu taron shawara da ya fi wannan nauyi, domin shugaban al'umma za a fitar. Ya ambaci mutum 6 da sunayensu: Usman, da Ali, da Abdurrahman ɗan Aufu, da Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, da Zubair, da Ɗalha. Ya ƙayyade musu aikinsu, su fitar da ɗaya daga cikinsu. Ya yanka musu wa'adi, kwana 3. Ya ce ɗansa Abdullahi ya halarta amma ba shi da rabo a cikin muƙamin. Har ma wanda zai riƙa jan salla kafin a gama ya ambata, wato Suhaibu, domin kada wani aiki ya tsaya saboda ana taro. Mai karatu ya lura da wannan na ƙarshe. Abdurrahman ya janye kansa daga takara, ya shafe waɗannan darare yana jin ra'ayin mutanen Madina, kafin wa'adi ya wuce aka yi wa Usman mubaya'a. In har za a iya sa wa zaɓen halifa kwana 3, ina dalilin da zai sa gyaran famfon makaranta ya shekara yana dawowa cikin ajanda?

Amma ba sai mun tafi nesa cikin tarihi ba, domin a nan garuruwanmu an gwada wannan tsari a idon kowa. A shekarar 2012 an sami yara 122 da cutar shan inna ta kama a Nijeriya, fiye da rabin duk waɗanda aka samu a duniya a wannan shekara, kuma kusan dukkansu a Arewa suke. Kafin lokacin an daɗe ana taro a kan cutar, ana jawabai, ana kiraye-kiraye. A ƙarshen wannan shekara ne aka kafa cibiyar gaggawa a Abuja, daga baya aka buɗe irinta a Kano da Katsina da Sakkwato da wasu jihohi, kuma abin da ya bambanta waɗannan cibiyoyi da zaman da aka saba shi ne lissafi suke dubawa, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma.

Wanda duk ya yi aikin allurar rigakafi a Zurmi ko Shinkafi ya san taron yamma. A kwanakin zagayen rigakafi, kowace rana bayan 'yan aiki sun dawo, sai a zauna da jami'an gundumomi da wakilan sarakuna. Ba a zo jin jawabin kowa ba. Jami'in gunduma zai miƙe ya faɗi yara nawa aka sa ran samu yau, nawa aka ɗiga wa, gidaje nawa ba a tarar da yaran ba, gidaje nawa suka ƙi, kuma a wace unguwa. Gidan da ya ƙi, a nan take za a faɗi wanda zai koma masa gobe, mai unguwa ne ko hakimi ko liman, washegari da yamma kuma da sunan wannan gida za a fara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da ya biyo baya sananne ne: yara 53 a 2013, yara 6 a 2014, sai guda 4 da aka gano a Borno a 2016, har aka kai ranar 25 ga Agusta, 2020, da aka tabbatar cewa asalin ƙwayar cutar ta ƙare a nahiyar Afirka. Ba mu ce taro kaɗai ne ya yi wannan aiki ba, akwai kuɗi da aka kashe, akwai sa bakin sarakuna da malamai, akwai kuma matan da suka bi gida gida cikin rana. Haka nan wani nau'in cutar ya ci gaba da ɓulla a Zamfara da maƙwabtanta a 2021 da shekarun da suka biyo baya. Abin da muke nufi shi ne, ma'aikatan nan namu ne, 'ya'yan garuruwan nan ne, su ne kuma suke zama a sauran tarurrukan da ba a ƙulla komi. Da aka canza tambayar da ake yi musu, sai amsar ta canza.

A nan ya zama wajibi mu tsaya a kan wani haɗari, domin adadi ma ana yi masa ƙarya. Da zarar ma'aikaci ya gane cewa lamba ake nema, in babu tsoron Allah a zuciyarsa, sai ya kawo lambar ya bar aikin. A wannan aiki na rigakafi an sha kama masu cika takarda a gindin bishiya, da masu shafa wa yaro tawada a ɗan ƙaramin yatsa ba tare da sun ɗiga masa komi ba. Masu tsarin ba su jefar da ƙidaya saboda haka ba, sai suka ƙara mata mai bincike wanda ba ya cikin 'yan aikin. Bayan an gama zagaye, akan zaɓi unguwanni 6 a ƙaramar hukuma ba tare da sanin masu aikin ba, a duba yara 10 a kowace, jimla 60. In aka sami fiye da 3 da ba a yi musu ba, to ƙaramar hukumar ba ta kai mizanin da ake so ba, ko da takardunta sun ce ta gama da kowa. Darasin da ke nan ga shugaban makaranta da shugaban sashe shi ne, wanda ya yi alkawarin aiki ba shi ne zai ba da shaidar kammala shi ba. In taron malamai ya ce cikin yara 50 na aji uku ana son 30 su iya karanta shafi guda kafin ƙarshen zango, to malamin wani aji ne zai zauna ya saurari karatunsu.

Haka kuma ba kowane adadi ne yake da amfani ba. Akwai ofisoshin da suke alfahari da yawan tarurrukan da suka yi a shekara, ko yawan waɗanda suka halarci bita. Wannan ƙidayar kujeru ce. Abin ƙirgawa shi ne abin da ya sami mutumin da aka buɗe ofishin dominsa.

Mu ɗauki misalin da ya fi ci mana rai. A watan Yuni na 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF tare da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara sun auna yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da 97,000 a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, suka tarar cewa kimanin ɗaya cikin huɗu yana fama da tamowa. Ma'aunin da ake amfani da shi ɗan siririn tef ne mai launi, ana zagaya shi a damtsen yaro, in ya nuna ƙasa da santimita 11.5, wato ya faɗa cikin ja, to yaron yana cikin haɗarin rasa rai. Kwamitin lafiya na gunduma da ya zauna a kan wannan musiba ya tashi da kira ga iyaye su kula da abincin 'ya'yansu, bai ce komi ba, domin uwar da aka raba da gonarta ta fi kowa sanin abincin da ɗanta yake bukata. Amma kwamitin da ya tashi da cewa kafin Juma'a mai zuwa wance da wane za su auna yaran unguwa kaza, su kawo adadin waɗanda suka faɗa ja, wane kuma shi ke da alhakin abin hawan da zai kai su asibiti, sa'an nan a taro na gaba a faɗi nawa suka isa, nawa suka warke, nawa suka daina zuwa karɓar magani da dalilin dainawarsu, wannan kwamiti ya yi shawarar da ake iya tsayawa a kanta.

Mun san abin da wasu 'yan'uwa za su ce: ai gobe ta Allah ce, yaya mutum zai yanke cewa zai gama abu kaza ran kaza? Wannan magana ana yawan fakewa da ita. Musulmi ya fi kowa sabawa da adadi da wa'adi. Zakkar tumaki da awaki tana farawa daga 40, ta shanu daga 30, amfanin gonar da ruwan sama ya shayar ɗaya cikin goma ake fitarwa, wanda aka yi wa ban ruwa da wahala ɗaya cikin ashirin. Bashi ma an umurce mu mu rubuta shi da ajalinsa. Faɗin "in Allah Ya so" yana zuwa ne bayan an ƙulla niyya an ambaci abin da za a yi. Wanda ya faɗe ta domin kada a kama shi da rana, ya ɗora kalma mai girma inda ba wurinta ba.

Akwai kuma kunya, wadda a ganinmu ita ce babban cikas. Ƙaramin ma'aikaci ba zai dubi idon wanda ya haife shi, ko ya koyar da shi, ya ce ranka ya daɗe ina aikin da ka ɗauka ba, kuma ba mu ce ya yi haka ba. Maganin wannan yana hannun sakatare da shugaban taro. Sakatare ya ja layi huɗu a littafinsa: aikin, adadinsa, mai shi, ranarsa. Bayan addu'ar buɗewa, abu na farko a karanta wannan shafi layi bayan layi, kowa ya amsa nasa da "an yi" ko "ba a yi ba", in ba a yi ba a faɗi abin da ya hana a taƙaice, a sa sabuwar rana. Ta haka littafi ne ya yi tambayar, girman kowa yana nan. Sai dai tsarin ba ya tsayawa sai shugaba ya yarda a fara karanta nasa layin kafin na kowa, domin in nasa yana wucewa shiru, na sauran ma haka zai wuce kafin wata uku. Kada kuma a cika shafin da ƙudurori ashirin. Uku ko huɗu da za a iya bi sun wadatar da taro guda.

Saura tarurrukan da in an duba ajandarsu babu abin ƙirgawa a ciki, sanarwa ce kawai daga sama, ko sabuwar takarda da aka aiko daga Gusau. Irin wannan a tura ta waya, ko a ba direban da zai bi ta can, ma'aikacin Mashema ya zauna a ɗakin maganinsa ya duba marasa lafiya.