Iyafis na dala 20 ba ya buƙatar amfilifaya na dala 100

Duk wanda ya fara bibiyar masu sharhin kayan sauti a YouTube zai lura da wani abu: da zarar mutum ya sayi iyafis mai kyau, sai a fara gaya masa cewa bai gama ba. Wai wayarsa ba ta da ƙarfin tura shi, sai ya haɗa masa DAC, ya ƙara amfilifaya, sannan ainihin sautin zai fito. Matashin da ya yi wata biyu yana tara kuɗi ya sayi Moondrop Chu II ko 7Hz Zero:2 sai ya koma yana kallon abin da ke hannunsa kamar rabin kaya, yana lissafin wani kuɗin da ya ninka na farko sau uku ko biyar. A mafi yawan lokuta wannan kuɗi na biyu asara ne, kuma lissafi ɗan kaɗan ya isa ya nuna haka.

Irin iyafis ɗin da ake magana a kai shi ne wanda ake kira IEM, mai kan roba da ke shiga cikin kunne ya toshe shi. Asalinsa na mawaƙa ne da ke son jin kansu a kan dandamali, kafin kamfanonin China su sauko da farashinsa har ya zo hannun kowa. DAC ɗan ƙaramin guntu ne da ke mayar da lambobin da ke cikin fayil ɗin waƙa zuwa lantarkin da zai motsa lasifika, amfilifaya kuma shi ke ƙara wa wannan lantarki ƙarfi. Abin da masu talla ba sa son tsayawa a kai shi ne, duk wayar da ke da ramin iyafis na milimita 3.5 tana da waɗannan biyun a cikinta tun daga masana'anta. Da babu su, ko ƙwar ba za a ji ba.

Kasuwar ƙananan DAC na waje ta buɗe ne bayan Apple ya cire ramin a iPhone 7 a 2016, Samsung ya bi sahu a Note 10 a 2019, sauran manyan wayoyi suka bi. Mai irin wannan waya dole ya nemi ɗan guntun igiya da ake kira dongul, wanda ake soka shi a wurin caji. To amma yawancin wayoyin da ke hannun matasa a Kano ko Zariya ko Maraɗi, wato Tecno da Infinix da itel da ƙananan Redmi, har yanzu da raminsu. Masu su na karanta shawarar da aka rubuta don mai iPhone, suna ɗauka da su ake.

Ga lissafin. A jikin kwalin kowane IEM ana rubuta lambobi biyu. Ta farko nauyin da yake ɗora wa lantarki, da ake aunawa da ohm, kuma yawancinsu suna tsakanin 16 da 32. Ta biyu yawan ƙarar da yake fitarwa idan an ba shi miliwat ɗaya ko bolt ɗaya, wadda sau da yawa ta haura desibel 100. A ɗauki iyafis mai ohm 32 da ke ba da desibel 105 a miliwat ɗaya. Dongul ɗin Apple na dala 9, samfurin Amurka, yana fitar da bolt 1. Bolt 1 a kan ohm 32 ya kai miliwat 31, wanda ke ƙara desibel 15 a kan 105 ɗin can. Jimla desibel 120 ke nan a cikin kunne, ƙarar da babu mai hankalin da zai jure ta minti ɗaya. Idan na dala 9 ya riga ya wuce abin da kunne ke iya ɗauka, me mai bolt 4 zai ƙara? Zai ƙara desibel 12 da ba za a taɓa amfani da su ba, sai ranar da yatsa ya zame a kan maɓallin ƙara.

Kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraren desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma da an kai 90 sai lokacin ya sauko zuwa awa 4 kacal a mako. Ƙwayoyin ji da ke cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa, kuma alamar farko takan zama wani siririn kuka da ba ya tsayawa ko da dare ya yi shiru. Babbar fa'idar IEM ita ce yana toshe hayaniyar waje, ta yadda wanda ke cikin adaidaita sahu ko kusa da janareta zai iya rage ƙara ya ci gaba da jin komai. Wanda ya sayi amfilifaya don ya ƙara ƙara ya juya wa wannan fa'ida baya. Toshewar dai tana da nata haɗarin: mai tuƙa babur ko mai tsallaka titi da kunne biyu a rufe ba ya jin hon.

To me ya sa mutane ke rantsuwa cewa sun ji bambanci? Galibi ba ƙarya suke ba, sun ji ɗin. Kunnen ɗan adam yana ɗaukar abin da ya ɗan fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi, bes ya fi cika, murya ta fi fitowa, ko da bambancin bai wuce desibel ɗaya ba. Sabon dongul kusan kullum ya fi ramin waya ƙara, ga kuma zumuɗin sabon kaya da aka biya kuɗi mai yawa. Gwajin gaskiya shi ne a daidaita ƙarar biyun, a ba aboki ya riƙa sauyawa ba tare da mai sauraro ya gani ba. A irin wannan gwaji ne yawancin bambancin ke ɓacewa.

Akwai wuraren da dongul ke da amfani na haƙiƙa, kuma ba su da wuyar ganewa. Idan aka soka iyafis aka ji wani shuu a bayan waƙa, musamman inda ta yi shiru ko lokacin da waya ke caji, to ramin wayar ne ke da datti a sautinsa, kuma dongul mai sauƙi zai share shi. Haka idan ramin yana da nasa nauyin ohm mai yawa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce nauyin abin da ke tura sauti kada ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na nauyin iyafis, wato ohm 2 ga iyafis mai 16. Idan ya wuce, sautin wasu IEM yakan karkace, musamman masu lasifika da yawa a ciki. Sai kuma manyan hedifon irin Sennheiser HD 600 mai ohm 300, wanda lallai yana son ƙarin bolt, da IEM masu fasahar planar irin 7Hz Timeless da Letshuoer S12, waɗanda kan so ɗan ƙari a kan abin da ramin waya mai rauni ke bayarwa. Wanda ya mallaki ɗaya daga cikin waɗannan, sayen Moondrop Dawn Pro ko makamancinsa yana da hujja. Wanda ke da Chu II ba shi da ita.

Ko mai buƙatar dongul ɗin ma ya kula da tarkuna uku ko huɗu. Wasu igiyoyin USB-C masu arha da ake sayarwa a kasuwannin waya irin Farm Centre babu DAC a cikinsu kwata-kwata, waya ce kawai aka haɗa, kuma ba za su yi aiki a wayoyin Samsung da Pixel marasa rami ba. A gwada a shago kafin a biya. Wasu wayoyin sai an kunna OTG a saiti kafin su ga dongul. Na Apple, duk da tsabtar sautinsa, yakan yi ƙasa-ƙasa a wayoyin Android da yawa, samfurin Turai kuma rabin bolt kawai yake fitarwa, ga jabunsa sun cika kasuwa. Mai irin wannan matsala zai fi samun sauƙi da dongul masu guntun CX31993, da ake samu a farashi kusan ɗaya. Manyan dongul kuwa suna shan batir sosai, suna zafi, suna toshe wurin caji, abin da ba wasa ba ne a unguwar da wuta ke zuwa awa uku a rana. Da yawansu ba sa ɗaukar makirfo, ramin 4.4 ɗin da ake yabo kuma ba shi da layin makirfo ko kaɗan. Kira na shigowa sai mutum ya zare komai.

Inda kuɗi ke yin aiki shi ne iyafis ɗin kansa, amma a nan ma akwai ruɗani. Chu II da Zero:2 da Tangzu Wan'er da Truthear Gate duk suna kewayen dala 20 zuwa 25, kowanne da lasifika ɗaya a kowane kunne, kuma sautinsu ya yi kama da juna. Ba haɗuwa ce ta sa'a ba. Binciken da Sean Olive da abokan aikinsa suka yi a kamfanin Harman, wanda Samsung ya saya a 2017, ya fitar da wani zanen sauti da yawancin masu sauraro suka fi so, kuma kamfanonin nan suna gina kayansu kusa da shi. Saboda haka bambancin da ke tsakaninsu na ɗanɗano ne. Zero na farko yana da ƙarancin bes da kaifin sama, Zero:2 ya ƙara bes ya rage kaifin, Wan'er yana da ɗumi da laushi a murya, Chu II yana da bes da ɗan ƙyalli a sama. Mai yawan sauraren karatun Alƙur'ani, wa'azi ko shirye-shiryen rediyo zai fi jin daɗin wanda murya ke fitowa a tsakiya ba tare da sin da shin suna soka kunne ba. Mai son kiɗan Afrobeats ko waƙoƙin fim masu gangar kwamfuta zai karkata ga mai bes. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu.

Abin da ya fi duk wannan tasiri, kuma ba a cika yin bidiyo a kansa ba, shi ne zaman iyafis a kunne. Idan kan robar bai toshe kunne gaba ɗaya ba, bes yana tsiyayewa, sauti ya koma kamar na gwangwani, mutum ya ɗora laifin a kan waya ya tafi neman amfilifaya. Kowane kwali yana zuwa da ƙanana da matsakaita da manyan kawuna, amma mutane da yawa ba sa taɓa cire wanda suka tarar a jiki. Akwai masu kunnen da na dama ke son matsakaici, na hagu ke son babba. Minti goma na gwaji a nan ya fi dongul na dala 100 canza sauti. Siffar jiki ma haka: Chu II ƙarami ne na ƙarfe, yana ɓuya a kunne, jikin Zero kuma ya fi girma da kusurwa, wanda wasu kunnuwa ba sa so bayan awa ɗaya.

Sai igiya. Iyafis kusan kullum ta igiya yake mutuwa, don haka wanda ake iya cire igiyarsa a sauya ya fi wanda aka manne, ko da sautinsu ɗaya ne. Chu na farko igiyarsa a manne take, Chu II ya gyara wannan da mahaɗi mai allura biyu na milimita 0.78, irin wanda yawancinsu ke amfani da shi. Sauya igiya don ta tsinke ko don a sami makirfo daidai ne. Sauya ta da mai tsada don wai azurfa tana buɗe sauti, wannan kuma sadaka ce ga mai shago. Yawan lasifikar da aka rubuta a kwali ma ba ma'auni ba ne. Guda ɗaya da aka daidaita da kyau ya fi biyar da aka cusa don talla.

Wanda har yanzu yake ganin sautin bai masa ba, ya duba abin da yake saurara kafin ya duba aljihu. Waƙar da aka tura ta WhatsApp, aka ciro daga bidiyo, aka sake turawa ta Xender, ta riga ta rasa abin da babu na'urar da za ta dawo da shi, kuma IEM mai kyau sai ma ya ƙara tona asirinta. A manhajoji irin Spotify, ɗaga ingancin sauti a saiti da sauke waƙoƙi lokacin da akwai Wi-Fi ko data ta dare ya fi komai arha. Bayan haka akwai manhajar Wavelet a Android, wadda ke ɗauke da gyaran sauti da aka auna don ɗaruruwan iyafis, da Poweramp Equalizer ga mai son ya gyara da hannunsa. Wanda ya sayi Zero na farko yana kukan bes zai iya ɗaga ƙasa da hertz 100 da desibel 3 ko 4, ya ɗan rage ƙarar gaba ɗaya don kada sauti ya fashe, ya ji ko har yanzu yana buƙatar Zero:2.

Idan kuma wata rana gefe ɗaya ya fara yin ƙasa, musamman lokacin hunturu da ƙura ta yi yawa, a cire kan robar a duba ɗan tacin da ke bakin bututun. Yawanci ƙura ce da dattin kunne ko danshi suka toshe shi. Busasshen buroshin haƙori mai laushi, a riƙe bakin yana kallon ƙasa, yakan buɗe shi, kuma ana sayar da sababbin tacin a manna idan tsohon ya ƙi.