Beli Kyauta Ne, In Ji Bangon Caji Ofis

Da wuya mutum ya shiga caji ofis a Nijeriya bai tarar da rubutu a bango mai cewa beli kyauta ne ba. Amma da wuya kuma a sami magidancin da aka kama ɗansa ya tafi karɓo shi da aljihu wayam. Kafin ya fita gida sai ya ranto kuɗi ko ya sayar da akuya, sannan ya nemi wani mai faɗa a ji ya raka shi. Wannan tazara da ke tsakanin abin da aka rubuta da abin da jama'a suka saba gani ita ce ta cinye amanar da ya kamata a ce tana tsakanin talaka da ɗan sanda.

Tsoron mai kaki ba yau ya fara ba a ƙasar Hausa. A zamanin En'e, 'yan doka ne ke kamu, kuma 'yan jam'iyyar NEPU sun ɗanɗana kuɗarsu a hannunsu cikin shekarun 1950. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta rushe 'yan doka, ta mayar da aikin hannun 'yan sandan tarayya. Kaki ya sauya, mai ba da umarni ya koma nesa, amma talaka bai daina kallon kamu a matsayin masifar da ake fansar kai daga gare ta ba.

Abin mamaki shi ne, ba doka aka rasa ba. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in ban da wanda ake zargi da laifi mai hukuncin kisa. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta haramta kama wani a madadin wani, wato tsare uwa ko mata don wanda ake nema ya kawo kansa. Ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki, ta kuma ba mace damar tsaya wa mutum beli. A 2017 aka kafa dokar hana azabtarwa, wadda hukuncinta kan kai ɗaurin shekara 25. Dokar 'yan sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1943, ta sake nanata yawancin waɗannan tanade-tanade. Duk da haka, har yanzu mai bin bashi kan kai ƙara caji ofis, domin ya san kwana biyu a bayan kanta sun fi sammacin alƙali saurin fito da kuɗi.

To, ina gizo ke saƙar? Yana saƙar ne a wajen hukunci. A watan Yunin 2005 'yan sanda suka kashe matasa shida a Abuja, biyar daga cikinsu 'yan kasuwar Apo, suka ce 'yan fashi ne. Kwamitin binciken da gwamnatin Obasanjo ta kafa ya ƙaryata wannan zance. Amma sai a 2017, bayan shekara 12, kotu ta yanke wa ƙananan jami'ai biyu hukuncin kisa, ta sallami sauran uku, ciki har da mafi girman muƙami. A Maiduguri kuwa, a ƙarshen Yulin 2009 sojoji suka miƙa Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, ga 'yan sanda da ransa, aka wayi gari da gawarsa. Kome girman laifin da ake tuhumarsa da shi, kotu ce wurin yanke masa hukunci. An hana al'umma jin abin da zai faɗa a gaban alƙali, mabiyansa kuma suka sami hujjar da suka yi ta fakewa da ita suna zubar da jinin bayin Allah, har da na 'yan sandan kansu.

Ba za a yi adalci ba idan aka manta da halin da kurtu yake ciki. Barikinsa na yoyo, motar sintiri ba mai, sau da yawa mai ƙara ne ke sayen takarda da biro. Ga 'yan bindiga suna farautarsa a hanya. Wannan ne ma ya sa a Oktoban 2020, lokacin da matasa suka cika tituna har aka rushe rundunar SARS, gwamnonin Arewa suka fito suka ce ita rundunar tana yi musu amfani wajen yaƙar ɓarayi. Damuwarsu abar fahimta ce, sai dai sun duba gefe guda. Ɗan sanda ba ya kama ɓarawo sai da rahoton jama'a, mutumin ƙauye kuwa ba zai kai rahoto inda yake tsoron a mayar da shi wanda ake zargi ba. Talaucin kurtu dalili ne na gyara albashinsa. Ba ya zama lasisin tatsar wanda ya fi shi talauci.

Malamin da zai koyar da darasin zama ɗan ƙasa nagari zai gamu da wannan matsala a aji. Zai rubuta a allo cewa ɗan sanda abokin kowa ne, alhali a cikin ɗalibansa akwai wanda ya ga mahaifinsa yana miƙa na goro a shingen hanya. Gara ya koya musu abin da doka ta ba su dalla-dalla, da inda ake kai kuka: Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda tana da ikon ladabtar da kowane jami'i in ban da Sufeto Janar, rundunar kuma ta buɗe sashen karɓar koke-koke tun 2015.

Akwai kuma wani tanadi da ba a cika ambatonsa ba. Sashe na 34 na dokar 2015 ya wajabta wa babban majistare ya ziyarci kowane caji ofis da ke yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba littafin kamu, ya ba da belin wanda ya cancanta. Wannan ba ya bukatar sabuwar runduna ko sabon suna. Abin da ya rage shi ne babban jojin kowace jiha ya riƙa neman rahoton ziyarar, a kuma bayyana wa jama'a mutum nawa aka tarar a tsare, nawa aka saki, da matakin da aka ɗauka a kan jami'in da ya tsare su ba bisa ƙa'ida ba.