RA'AYINMU: KADA SAMA TA ZAMA JUJI

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato daga Sabon Gari zuwa Samaru, ya ratsa Hanwa, ya saba ganin ƙananan jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama suna shawagi. To, amma can birbishin inda jiragen nan ke kaiwa, akwai wata ɓarna da ido ba ya gani.

Tun da Rasha ta harba Sputnik a 1957, manyan ƙasashe ke ta cilla taurarin ɗan'adam, in sun mutu a bar gawarsu tana kewaya duniya. A 2007 Sin ta tarwatsa wani tsohon tauraronta da makami, ya fashe gutsi-gutsi fiye da 3,000. A 2009 wani tauraron Amurka ya yi karo da mataccen tauraron Rasha. Tarkacen da ke kewayawa kusa da duniya yana gudun fiye da kilomita 7 a daƙiƙa guda, saboda haka ko ɗan ƙusa ya isa ya lalata tauraro mai lafiya.

Wani zai ce ina ruwan talaka? Da ruwansa ƙwarai. Hasashen damina da manomi ke jira, da hotunan da ake bin sawun ambaliya da gurgusowar hamada da su, duk sun dogara ga taurarin nan. Mu ma muna da hannu: Nijeriya ta harba NigeriaSat-1 a 2003, sa'an nan NigComSat-1 a 2007, wanda ya mutu a 2008 saboda matsalar lantarki.

Haka kuma abin da ya hau yakan sauko. A 1978 tauraron Rasha Kosmos 954 ya watsa gubar nukiliya a arewacin Kanada. A Disamban 2024 wani zoben ƙarfe mai nauyin kimanin kilo 500 ya faɗo ƙauyen Mukuku a Kenya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ba mu manta da gangunan gubar da aka jibge mana daga Italiya a Koko a 1988 ba. Mai ƙarfi kullum a ƙofar marar ƙarfi yake zubar da shararsa.

Don haka muna kira ga hukumar NASRDA, kada ta sake sayen tauraro sai da sharaɗin yadda za a kawar da shi in ya gama aiki. Gwamnati kuma ta haɗa kai da sauran ƙasashen Afirka a Majalisar Ɗinkin Duniya, a matsa lamba ƙa'idojin kiyaye sararin samaniya na 2019 su tashi daga shawara su zama doka. Mu ɗalibai, masu karatun lauya a Kongo su naƙalci yarjejeniyar 1972 ta biyan diyya, injiniyoyin Samaru kuwa su koyi ƙera tauraron da ba zai bar ƙazanta ba. Gobe wasunmu ne za su sa hannu a takardun kwangilar nan. Allah Ya sa mu san abin da muke sa wa hannu, amin.