Malam, zanenka ya zalunci matan Dawanau

Malam, zanen da ka buga ya sa sandar Najeriya ta kere ta Amurka a hayaƙin kabon, har ka ɗora laifin kan mata masu girki da icce. Saurin ƙaruwa ka auna, ka ɓoye yawan hayaƙin. A kasuwar Dawanau, wanda geronsa ya tashi daga mudu ɗaya zuwa biyu ya ninka, amma ina shi ina mai tirela?

Ɗan Najeriya ba ya fitar da tan 1 na hayaƙin kabon a shekara. Ba'amurke kusan tan 14. Matan nan karan dawa suke turawa murhu, wanda zai sake tsirowa da damina. Iskar gas da kamfanonin mai ke ƙonawa dare da rana a Neja Delta kuwa, me ya hana ka zana mata sanda?